Kada Ki Zo Mini ta Sama

Seoul, farkon hunturu

Yayata Jihaeng,

Gaisuwa mai yawa. Yaya sanyin kan dutse, yaya gwiwar nan taki? Na san kun shiga halwar hunturu a gidan ibada, ba waya ba fita sai bazara, shi ya sa na koma takarda. Ko shugabarku ta ba ki yanzu ko ta ajiye miki, ni dai na faɗa.

Jikin Umma ya yi tsanani. Ƙaninmu Dongpil ya kira daga gida, tsibirin Jeju, ya ce likita ya sallamo ta gida, huhun ya gaji. Macen da ta ƙare rayuwarta tana nutso a teku da numfashinta kaɗai, ai dole.

Gobe zan kama hanya, jirgin ƙasa zuwa Mokpo, daga nan jirgin ruwa. Za ki ce me ya hana ni jirgin sama na awa guda? Ba kya nan aka yi abin. Bara waccan na raka Umma bakin ruwa, ta fito da raga kusan wayam. Ciyawar teku ta mutu, duwatsun ƙasan sun yi fari fat, dodon koɗin tekun da ta ciyar da mu da shi ya ɓace. Ta ce ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka. Ni da shegen bakina na nuna mata jiragen da ke ta sauke masu yawon buɗe ido, na ce hayaƙinsu na cikin abin da ke ɗumama duniya. Washegari ta ja ni gindin bishiyar Kaka, abar bautar masu nutso, inda suke kai hadayar shinkafa, ta sa na rantse ba zan ƙara zo mata ta sama ba. Dongpil har da riƙe ciki don dariya, wai, "Ke kaɗai za ki sanyaya teku? Sannu, firji!"

Ban taɓa karya rantsuwar ba, kuma Umma na alfahari da ni a gaban ƙawayenta. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Yeonsil

Mokpo, bakin tasha

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan kina cin abinci. Ni kam na kasa.

Iska ta taso, an tsayar da jiragen ruwa, ba wanda ya san ranar tashi. Muna zube a tasha da direbobin manyan motoci, kullum amsa ɗaya: sai igiyar ruwa ta kwanta. Abin takaici, na sama suna ta wucewa abinsu.

Dongpil na kira yana ihu. "Haba Yaya! Tsohuwa na shure-shuren mutuwa, ke kina gadin teku? Jirgin saman zai tashi ko da ke ko ba ke!" Kin san abin kunya ne a ce uwa ta cika ba ɗanta a kanta. Ke addini ya ɗauke miki, ni wa zai ɗauke mini? Yana cikin faɗan Umma ta karɓi wayar. Da ƙyar nake jin ta. Ta ce, "Yeonsil, ki jira ruwa. Mu ma jiransa muke yi."

Jiya Dongpil ya ce ta daina haɗiye kunu. Tsoro nake ji, Yaya, tsoro sosai.

Taki,
Yeonsil

Jeju, gida

Yaya Jihaeng,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyya. Umma ta rasu. Mun binne ta kusa da Baba, bayan gonar lemo.

Na hau jirgin sama. Na koma birni mafi kusa na sayi tikiti, na zauna tsakanin wasu amarya da ango masu ɗaukar hoton gajimare. Kafin in gama kuka mun sauka.

Na same ta da rai, idonta biyu. Na durƙusa na kama hannunta. Iska na ta dukan rufin ɗakin, ta kasa kunne, sannan ta dube ni ta ce, "A wannan iskar ba jirgin ruwan da zai taso." Na buɗe baki, ƙarya ta ƙi fitowa. Wa zai yi wa mai nutso ƙaryar teku? Ta zare hannunta ta juya ta fuskanci bango.

Na yi magiya, na ce tsoro na ji kada in rasa ta. Ƙawayenta suka sa baki, "Ke ma dai, yarinya ta zo ganinki, a bar maganar mana." Ko motsi. In na kawo ruwa ta datse baki, in Dongpil ya kawo ta sha. Dongpil da ke hawa jirgin sama duk wata! Da na yi ƙorafi sai ta ce wa bangon, "Shi bai rantse ba." Maganarta ta ƙarshe ke nan da na ji.

Ina jin haushinta, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Kujera ɗaya ce a jirgin sama, ba ita ta kashe teku ba. Amma ta rasa ruwan da ta sani, ba ta da wanda za ta kai ƙara, rantsuwata ce kawai ta rage a hannunta.

Washegarin zuwana iska ta kwanta, jirgin Mokpo ya iso da rana tsaka. Umma kuwa ta ƙara kusan mako guda, ina zaune ina kallon bayanta.

Ki kula da kanki.

Ƙanwarki,
Yeonsil