Ni Na Kashe Mitar, Yaya

Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ko kana raye ba lallai ka karanta ba, kai da saƙon waya ma sai ya kwana uku ka buɗe. Duk da haka zan rubuta.

Inna tana Tsafe, gwiwarta ce dai har yanzu. Geron gonarmu ta 'Yankuzo ya yi kyau bana, ta ce a ware buhu guda a yi maka sadaka. Matarka Hadiza ta fita takaba, ta koma gidansu a Damba da yaran. Ni ina nan Bungudu. Maigidana Malam yana wurin aiki sai ƙarshen wata, in na dawo daga koyarwa daga ni sai kaji.

Ranar da Hadiza ke kwashe kaya ta aiko mini da kwali, da sunana a jiki da wannan mummunan rubutun naka. Na buɗe sai ga na'urar gem ɗinmu, wadda Baba ya sayo muna yara a Gusau. Kaset ɗin yana ciki, da fad biyu da muke riƙewa mu buga wasan, naka da nawa mai tsagewa a gefe. Shekara talatin kana ajiye da ita ban sani ba? Me ya sa ni?

Talabijin ɗin zamani ta ƙi karɓarta, sai da na je Gusau na samo tsohuwa mai ƙaton baya wurin wani mai gyara. Na hura kaset ɗin kamar yadda ka koya mini, na tura. A karo na huɗu waƙar ta tashi, ɗan guntun mutumin ya fito yana jiran a sa shi tsalle. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Ka tuna ƙa'idar? In mutum biyu ne, na biyu ba ya taɓa komai sai na farko ya faɗa rami. Kai kuwa ba ka faɗawa. Sai in wuni riƙe da fad ina kallon ƙeyarka, in nawa ya zo kuma minti guda na gama, ka yi ta dariya kana kirana gwanar rami.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Asabar ɗin nan da ka kai matakin ƙarshe, da rai biyu a hannunka, kana gumi kana cewa kowa ya yi shiru, da wuta ta ɗauke, ba masu wuta ba ne suka ɗauke ta. Ni ce. Na fita tsakar gida, na jawo turmin Inna na hau, na kashe makunnin da ke gefen mita. Tun hantsi nake jira, Yaya, har la'asar. Na ji ihunka daga ɗaki, na ji daɗi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na'urar ba ta ajiye inda mutum ya tsaya, komai ya tafi. Washegari Baba ya kulle ta saboda jarabawarka, daga nan ka tafi makarantar kwana. Ba ka sake kaiwa wurin ba.

Kai kuma ka maida abin labari. Duk taron gida sai ka ba da shi, har ranar bikina, kana tsine wa masu wuta, ni ina cikin masu dariya. Sau nawa na buɗe baki? A asibiti ma na yi niyya, sai na ga yadda numfashinka yake, na ce wannan shirme ne, bari ka warke. Ban sani ba ko ka sani. Da ka rubuta sunana a kwalin, kyauta ce ko tuhuma?

Wata biyu ke nan ina bugawa bayan la'asar. Ina zaɓar mutum biyu, in ɗauki fad ɗinka in yi naka, nawa yana ajiye a kan tabarma. Babban yatsana har ya yi kanta. Na ce zan ƙarasa maka, in biya abin da na ɓata.

Jiya na kai. Na ga doguwar gadar nan da kake kwatantawa, da ƙofar a can ƙarshe, rai uku a hannuna, wutar lantarki kuma tsaye. Tsalle biyu suka rage. Sai na tsayar da wasan, na zauna ina kallo. In na shiga ƙofar nan an gama, gobe bayan la'asar me zan yi? Wa zan zauna kusa da shi?

Na miƙa hannu na kashe, Yaya. Karo na biyu ke nan. Ka yafe mini duka biyun.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Gobe zan fara daga farko, kuma kai ne na ɗaya.

Ƙanwarka mai jiran layi,
Bilkisu, gwanar rami