Akwatin Baba da Ƙafar Kawu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Inna kuna lafiya. Ni ma lafiya lau. Tarin nan ƙurar wurin aiki ce kawai, kada Inna ta ji.

Kin ce Kawu ya zo sau uku yana neman akwatin takardun Baba, wai zai adana mana. Tun yaushe? Shekara talatin Baba yana duba marasa lafiya a ƙauyen nan, Kawu bai taɓa leƙa ɗakin maganin ba.

Tun yana likitan soja, Baba ba ya rubuta takarda sai ya ajiye kwafi. A ƙasan akwatin na taɓa ganin wadda ta sa aka sallami Kawu daga bakin daga. Ciwon ƙafa ta ce, babu maganar harsashin da yake ba yara labarinsa.

Ki mayar da akwatin ɗakinki, kin san Inna ba ta iya hana ƙaninta komai. In ya dawo, ki raka shi ƙofa ki lura da ƙafar da yake ɗingisawa. A takardar Baba ta dama ce. Ni tun tasowata ta hagu na sani.

Allah ya jiƙan Baba.

Ƙanwarki