Tsagar Hajiya Indo

Gyaɗi-Gyaɗi, 3 ga Yuni

Zuwa ga Yayata Hasana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baba, kumburin ya sauka?

Abin da kika ji gaskiya ne, wata huɗu ke nan da na bar shagon hoton Alhaji Inuwa na Tarauni. Ba faɗa muka yi ba. Shekara shida ni ke ɗauka, ni ke gyarawa, sunansa ake bugawa a ƙasan hoto. Yanzu da kyamarata nake yawo, wanda ya kira ni in je. Da daɗi, Yaya, ba mai tsare ni da ido. Amma ni ne mai neman aikin, ni ne mai yinsa, ni ne mai bin shaguna neman caji in an ɗauke wuta. Akwai satin da wayata ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya.

Alhaji ya aiko in koma da ƙarin albashi, yana jiran amsa zuwa ƙarshen wata. Ni kuma wata ɗalibar aikin jinya, Zahra'u, shugabar 'yan ajinsu, ta ba ni gwaji: sunan ɗan yayarta a Darmanawa. In hotunan sun yi kyau, ni zan ɗauki ajinsu, mutum arba'in, ranar kammala karatu. Ki taya ni addu'a.

Ƙaninki,
Ƙasimu

Gyaɗi-Gyaɗi, 14 ga Yuni

Yaya Hasana,

Sallama da fatan alheri. Ina gaida kowa da kowa.

Na yi ɓarna da hannuna. 'Yan matan nan kowacce so take a goge mata ƙuraje, fuska ta fito sumul, har hannuna ya saba. Kakar Zahra'u, Hajiya Indo, Bagobira ce, ta zo daga Sabon Birni, tsagarta tun daga gefen baki har kunne. Da na zo gyara, na bi fuskarta yadda nake bin ta jikokinta. Na wanke hoton babba, na saka a gilashi, na kai ina jin kaina.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi wace mata ce wannan ta rungume musu jariri. Matan gidan suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce da wannan tsagar ake gane gidan ubanta a kasuwa, yau ga yaro ya share ta da ɗan yatsa. Zahra'u ta ce in kawo na ainihi. Yaya, na riga na goge su don in sami wuri a katin kyamara. A shagon Alhaji kwamfuta ke ajiye komai, ni ba ni da ita.

Ba wanda zan ɗora wa laifi, kuma ba maigidan da zai je ba da haƙuri a madadina. Ni zan je.

Naki,
Ƙasimu

Gyaɗi-Gyaɗi, 29 ga Yuni

Yayata,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta iso, na ji shawararki ta in koma inda albashi yake. Na san tausayi ne.

Kwana uku ina zuwa Darmanawa ina zama a zaure, Hajiya ta ƙi ganina. Ban yi gaggawa ba. Daga inda nake na lura cewa da hantsi takan fito tsakar gida tsinke zogale, rana ta bugi kuncinta ta gefe, kowane layi ya fito ɗaya bayan ɗaya. Rana ta huɗu ta aiko a tambaye ni ko ba ni da aikin yi ne. Na ce a gaya mata ita ce aikin. Ta sa aka shigo da ni, ta ɗaura sabon kallabi, aka miƙo mata jaririn. Na roƙe ta ta zauna a wurin zogalenta, na ɗauke ta a nan. Ban taɓa hoton da komai ba. Da na kai, ta bi layukan da yatsa tana ƙirgawa, ta ce sun cika.

Aikin ajin kam ya wuce ni, sun ba wani tun satin farko. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba, kuma ban san me watan gobe zai zo da shi ba.

Jiya na je Tarauni na durƙusa na gode wa Alhaji, na ce ya ɗauki wani. Ya tambaye ni me na dogara da shi. Na nuna masa hoton Hajiya a waya. Ya duba, sannan ya tambayi wace fitila na yi amfani da ita. Na ce rana ce.

Ki gaida Baba, ki ce masa ina nan a kan aikina.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Ƙasimu