Guɗar da Aka Hana Ni a Harlem

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya gida? Yaya ƙafar Inna, yaya Malam da yara? Mu nan Bronx lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma 'yarki Zainab ce sila.

Ranar Asabar ƙungiyarsu ta yi rawa a wani babban zaure a Harlem. Na baro aiki da wuri, na ci ado na tafi. Baƙaƙen Amurka masu tarbar baƙi har riƙe mini hannu suka yi, suna cewa nan gidana ne. Amma Zainab, yarinyar da na raina, ta tare ni, ta ce da Turanci, "Anti, don Allah ban da guɗa, kada ki ba ni kunya."

Kunya! Yaya, da suka fito, ashe taken lugude ne, irin wanda Inna ke yi a bakin turmi. Wa ya koya mata? Ni, da muciya, a kicin ɗina. Na kama hanci na rangaɗa guɗa. Mai ganga ya amsa mini, tsofaffin Baƙaƙen Amurka mata da ke gefena suka miƙe suna shewa.

Har yau ba ta gaishe ni ba, wai na ɓata mata wasa. Ni ma ba zan neme ta ba.

Ki gaida Inna da kowa, a sa mu a addu'a. Ita kuwa ki faɗa mata: ranar da aka haife ta ni na yi guɗa, kuma ban nemi izininta ba.

Ƙanwarki,
Rabi