Cinyar da Bappa Bai Ci Ba

Daren Kirsimeti, 1996

Ni na jawo wa kaina. Duk shekara Bappa Hammadu, maƙwabcinmu Musulmi, nake kira ya yanka mana kaji don gidansa ma su ci. Bana ƙanena ya kawo mini talotalo daga garin Kona, sai kaina ya kumbura, na yanka da hannuna.

Na gasa shi ɗungum a tukunyar yashi, garwashi sama da ƙasa. Romon da ya tsatso na kaɗa da albasa da ɗan fulawa. Abin haushi, ya yi kyau.

Ina sa wa Bappa cinya a kwano, Maman Rifkatu ta ce, "Baban Rifkatu, wa ya yanka?"

Na ce, "Ni ne, babban likita mai aji huɗu na firamare." Ba ta yi dariya ba.

Kowace Babbar Sallah cinyar rago ke shigowa gidan nan daga gidan Bappa. Tunda aka sallame ni daga aiki ban taɓa samun abin kirkin da zan rama da shi ba sai yau, kuma ban hango wani talotalon ba.

Da yamma Bappa ya leƙo, ya ce ƙamshi ya kai har masallaci. Na miƙa masa lemo.

Cinyar tana nan a rufe. Na kasa ci.