Jan tsumman sitiyari

Auta,

Idan Yayanku ya dawo da tsohuwar motar dajin nan kafin ni, ki karɓe makullin, ko da zai yi miki tsawa. Sitiyarinta na iya kwancewa kowane lokaci.

Jiya da yamma, bayan na ƙara mata tsayi, na kwance notin da ke riƙe sandar sitiyari. Sabon bai shiga ba, sai na mayar da tsohon da hannu kawai, ban ɗaure da sifana ba. Na ɗaura jan tsumma a sitiyari kamar kullum, alamar kada kowa ya tayar da ita. Yau da na dawo daga sayen wani notin na tarar babu mota, tsumman kuma yana kan igiyar shanya, an wanke shi fes. Na san aikinki ne, ke ce kullum kike cewa, "Baba, wannan tsumma ko kare ba zai kwanta a kansa ba." Kada ki sa wa ranki damuwa, ni ne ban taɓa gaya miki amfaninsa ba. Ki yafe ni.

Na kira Yayanku, sai na ji wayarsa tana kuka a ɗakinsa. Na ari babur ɗin maƙwabci zan bi bayansa. Kada ki gaya wa Mamanku tukuna, kin san hawan jininta.

Maigadi ya ce ya ga fitarsa da abokai biyu a baya. Ban sani ba ko hanyar rafi ya bi ko gangaren dutse.

Babanku