"Lafiya Lau" Ɗin Ɗana Ba Rahoto Ba Ne

Zuwa ga Alhaji, shugaban ofishin da ya samo wa 'ya'yanmu gurbin karatu a Sudan.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali da ma'aikata suna lafiya. Ni ce mahaifiyar ɗalibinku na Ƙofar Durbi, dogon nan mai karatun likita. Ɗan fari ne, ba zan kama sunansa ba, ka dai gane shi.

Bari in fara da albishir: ya dawo! Ya rame, wuya kamar mariƙin lema, amma da ƙafafunsa ya shigo zaure. Na yi guɗa har muryata ta dushe, kuma tun ranar tukunya ba ta sauka daga murhu ba. Farin ciki ya cika ni, shi ya sa ƙorafina zai zo da sauƙi. Amma sai na yi shi.

Na ɗaya. Da yaƙi ya ɓarke, mu iyaye mun zo ofishinka hankali a tashe. Ka ce ka buga wa yaran waya da kanka, kowa ya ce lafiya lau, don haka babu gaggawar nema musu motar fita. Haba Alhaji, kai fa Bakatsine ne! Yaushe yaron da ya sami tarbiyya a garin nan ya taɓa amsa gaisuwar babba da "ba lafiya"? Mutuminmu ko a gadon asibiti ka gaishe shi, da sauƙi zai ce maka. Gaisuwa kuka yi, kai kuma ka ɗauke ta rahoto.

Na biyu. Ni ma abin da yake ce mini ke nan kullum, har sai da maƙwabciyata Maman Talatu, mutuniyar Filato da ta taɓa ganin rikici a garinsu, ta ce in bar tambayar lafiya. In tambaye shi me ya ci yau, ina yake kwana, akwai sauran ruwa? Sai ga gaskiya ta fito. Ashe a ƙarƙashin matakalar bene suke kwana saboda harbi, ruwan jarka ya kusa ƙarewa, dabino kawai suke rabawa. Ranar na yi kuka sosai, don na gane ɗana zai iya mutuwa da ladabinsa a baki.

Na uku. Da muka dawo maka da wannan labari ka tashi tsaye, mota ta samu, na kuma yaba. Sai dai kwanakin da aka ɓata sun sa hanya ta ƙara haɗari. Ga shi ba a taɓa koya musu su nisanci taga, su riƙe fasfo a jikinsu, kada su ɗauki hoton masu bindiga ba. A hanya suka koya, cikin tsoro.

Roƙona bai da yawa. Kafin ku sake tura ɗan kowa waje, ku zaunar da su ku koya musu waɗannan abubuwa, ku kuma san ta inda za ku fito da su in ƙasa ta rikice. In kun kira, ku gaisa yadda aka saba, sannan ku tambayi abinci da ruwa da makwanci. Ku kuma gaya musu faɗa wa babba gaskiyar halin da ake ciki ba rashin kunya ba ne.

Yau da safe ya durƙusa ya gaishe ni, bakinsa duk man ƙosai. Na tambaye shi yadda ya kwana, ya ce lafiya lau. Wannan karon na yarda, don ga shi a gabana.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya dawo da sauran 'ya'yan mutane gida, Ya zaunar da ƙasar da ta koyar da namu lafiya. In ka sami hali ka biyo ta gidanmu, akwai fura.

Wassalam.

Taka,
Hajiya Bilki, Ƙofar Durbi, Katsina.